Nawa Ake Biyan Mai Wannan Karatu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga yaron gidan nan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, ko kana cikin mota ko ka riga ka sauka. Allah Ya tsare maka hanya, Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka da kowa. Amin.

Na ba Baffanka Sule takardar nan, na ce ya cusa ta cikin buhun ƙuli-ƙulin da za ka tafi da shi, kada ya ba ka hannu da hannu. Ka san dalili. Kai ne ɗana na fari, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaunar da shi su yi hira. Haka na taras, haka na yi shekara ashirin da biyu. Gobe ma in za ka tafi tashar Makoda ba za ka gan ni ba, zan ce gyaɗa tana jira na a gona. Gyaɗar kuwa an gama cire ta tun shekaranjiya, ka fi kowa sani.

Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya saba da kwanon awo ne, rabonsa da doguwar takarda tun firamare. Yau kwana uku ke nan ina fama da ita a zaure, daga la'asar zuwa kiran magariba.

Baffanka ya gaya mini abin da ka ce. Wai ba za ka sake taka ƙofar gidan nan ba sai ranar da karatunka ya kawo kuɗin da zan riƙe a hannu in ƙirga. Ya ce ba rantsuwa ka yi ba, kada in damu. Shi bai san ka ba ne. Ni na san taurin kan da ke jikinka, domin a wurina ka ɗauko shi. Wannan maganar ce ta sa ni rubutu, kuma wallahi tsoro nake ji. In karatun nan bai kawo kuɗi ba fa? Shi ke nan na rasa ɗa saboda bakina?

Bari in fara da laifin da ya fi kusa.

Ranar Juma'ar nan da aka idar da salla muna zaune a dakalin masallaci, Malam Garba hedimasta ya miƙo mini hannu ya ce barka, yaronka ya sami jami'a a Kudu. Na ce alhamdu lillahi, me zai karanta? A raina ina jiran in ji abin da ya shafi magani, don na daɗe ina hango maka shagon kemis a bakin kasuwa, har inda za a kafa kanta na zaɓa. Sai ya ce anturofoloji. Sau uku ina sa shi ya maimaita. Ya ce ilimin sanin ɗan Adam ne, yadda mutane suke zama da juna, yadda suke aure da rabon gado da noma da binne mamaci, da dalilin da ya sa suke yin yadda suke yi.

Sai na ɗaga murya na ce, "To, nawa ake biyan mai wannan karatu?"

Aka yi dariya. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma ka san halina, in na ga an buɗe mini baki da dariya sai in ƙara. Na ce, "Wato gulma za a je a koyo har shekara huɗu? Ai da ya zauna bakin rijiya da matan unguwa, kyauta za su koya masa." Har da masu riƙe ciki. Kai kuwa kana tsaye a bayanmu kana neman takalminka. Na gan ka kafin in faɗa, kada ka ɗauka ban gan ka ba.

Dariyar ba ta kai la'asar ba, kowa ya kama gabansa. Kai yau wata biyu ke nan a gidan Baffanka kake cin abinci, a can kake kwana, nan sai dai ka shigo ka ba dabbobi ruwa ka fita. Saboda haka ga abu na farko. Duk maganar da ba ka iya gaya wa mutum ku biyu, kada ka faɗe ta a gaban jama'a. In kana cikin abokai a makaranta ka ji wata magana mai daɗi ta zo bakinka a kan wani, ka dubi fuskarsa tukuna. Ni na duba, kuma na faɗa, wannan ya fi muni.

Amma fa kada ka ɗauka na janye tambayar. Wurin da na yi ta da yadda na yi ta ne na janye. Ni mai awo ne, shekara talatin ina zaune gaban tulin gero da gyaɗa, ba zan zama wani mutum dabam a wata biyu ba. Na koma wurin Malam Garba ni kaɗai, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Bai ɓoye mini ba. Ya ce ba karatun da ake buɗe shago da shi ba ne. Wasu suna koyarwa. Wasu suna samun aiki da masu harkar lafiya ko noma, waɗanda ke neman mutumin da ya iya shiga gidajen jama'a ya yi tambaya ba a kore shi ba. Wasu sai sun ƙara karatu a kan karatu. Wasu kuma, ya ce, suna nan zaune da takardarsu a ƙarƙashin katifa. Na tambaye shi wanne ya fi yawa, sai ya hau gyara hula.

To ka ji. Ba zan yi maka ƙarya in ce na hango arziki a ciki ba, ban hango ba. Don haka kada ka saki sana'a. Ka iya awo tun kana ƙarami, ka san gyaɗar da ta bushe da wadda aka yayyafa wa ruwa. A can Kudu akwai mutanenmu masu sayar da hatsi, ka neme su, ka gaishe su, ranar da babu makaranta ka zauna ka taya su. Kada wando da biro su sa ka ji kunyar ɗaukar buhu. Gonar bayan gari kuma tana nan, ba zan sayar ba, ba zan jinginar ba. Da na yi niyyar sayar da ita in kemis ne, yanzu na gode Allah da ba a kai ga haka ba. In takarda ta ƙi, ƙasa tana nan, ko da ba ta da yawa.

Yanzu bari in gaya maka wani laifi da ban taɓa ba kowa labarinsa da bakina ba.

Ka san kututturen nan da ke tsakiyar gonar bayan gari, wanda kuke zama a kai ku sha fura. Ɗorawa ce a da, babba, mutum biyu ba sa rungume ta. Lokacin da mahaifina ya rasu aka raba gado, gonar ta faɗo a kaina. Kana goye a lokacin. Kowace shekara ina ganin mata suna zuwa su kaɗe ɗorawar su kwashe kalwa, ni ko ƙwaya ba a ba ni, ga inuwarta tana cinye mini gero. Sai masu sayen itacen gidan burodi suka zo daga birni suka taya. Kuɗin ya yi mini kyau a ido, ina son keke.

Da safen da za a sare ta, Innarka tana dama koko, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, an tambaya kuwa?"

Na ce, "Wa zan tambaya a gonata?"

Ta ci gaba da damun kokonta.

Ashe ɗorawar ba tawa ba ce. Ka san a nan gona dabam, itace dabam, ni ma na sani, amma ban tsaya na bincika wannan ba. Ta Gwaggo Hansai ce, ƙanwar mahaifina. Kakanmu ne ya ba ta ranar da za a kai ta ɗakin miji, da yake bai ba ta ƙasa ba. Da kalwar nan take daddawa, da daddawar ta riƙe marayunta. Kowa a unguwa ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba, don ni abin da nake tambaya kullum shi ne nawa.

Gwaggo ta zo da yamma ta taras da ita a ƙasa an daddatsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan kututturen har rana ta faɗi. Washegari na kwashi kuɗin gaba ɗaya na kai mata, har da ƙari. Ta dube su a tabarma ta ce, "Audu, ubana ne ya ɗora hannunsa a jikinta ya ce tawa ce. In ka sami kasuwar da ake sayar da wannan, ka sayo mini." Ta turo mini kuɗin da ƙafa. Daga ranar ba ta sake cin abincin gidana ba har ta koma ga Allah. Tana amsa gaisuwata, shi ke nan. Keken na saya, ya yi shekarunsa ya ruɓe, ƙarfensa ma ban san inda yake ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin ka tambayi kuɗin abu, ka tambayi na wane ne, wa ya ba shi, su wa ke ci daga jikinsa. Sai da na zauna rubuta wannan na lura ashe abin da za ka je ka karanta ke nan. Kai, Allah Mai iko. Mutumin da ya sare ɗorawar Gwaggo don bai yi tambaya ba, shi ne ya tsaya a gaban masallaci yana yi wa masu tambaya dariya.

Na uku shi ne mai nauyin, kuma shi ne na yi ta kewayewa kwana biyu.

Bara, lokacin da ciwon Innarka ya kwantar da ita, kakan zauna a bakin ƙofar ɗakinta da wayarka kana yi mata tambayoyi kana ɗauka. Ita ma da yake kai ɗan fari ne ba ta amsa maka kai tsaye. Sai ta dubi kazarta mai wake-wake ta ce, "Ke kaza, gaya wa mai tambaya," sannan ta yi bayani. Ina wucewa ina jin ku. Wata rana na shigo da buhu a kai na ce, "Mai ciwo tana neman magani, ana ɗaukar surutunta." Ka kashe wayar ka tashi. Ita kuma ta juya fuska bango. Ashsha. Ba ta ƙara wata biyu ba bayan nan.

Ranar Litinin ɗin nan da hantsi na ɗauko rediyona don in ji labarai. Ina murɗawa sai na ji tari. Tarinta. Wallahi saura kaɗan in yar da rediyon. Na duba sai na ga an saka memorin waya a gefe. Ban tambayi kowa ba, na san wanda ya shigo ba dabbobi ruwa da safen.

Na zauna a ƙasa a tsakar gida na saurara. Ta faɗi yadda ake dafa kalwa a rufe ta kwana uku. Ta faɗi waƙar da uwarta ke yi in tana daɓe. Ta lissafo itatuwan gonakinmu ɗaya bayan ɗaya, kukar wane, tsamiyar wance, wa ya dasa, wa ya gada. Da na ji wannan shekara ashirin da suka wuce, da ɗorawar Gwaggo tana tsaye. Duk wannan yana cikin kan matar da na zauna da ita shekara ashirin da huɗu, ina tambayarta ina abinci, ina hulata, gero nawa ya rage a rumbu.

Sai can na ji muryarka ƙasa-ƙasa. Ka ce, "Inna, Baba ya taɓa kiran sunana kuwa?"

Ana jin kazar tana tono. Sai ta yi dariya, irin wadda take yi tana rufe baki da gefen zane. Ta ce, "Ke kaza, gaya wa mai tambaya. Ranar suna ubansa ya gudu gona kamar yadda ake yi. Da yamma na fito wankan jego, sai na ji magana a bayan rumbu. Na leƙa. Shi ne a tsugune, yana faɗin sunan a hankali, ya faɗa ya sake faɗa, kamar mai koyon karatu. Na koma da baya. Har yau bai san na gan shi ba, kada kuma a gaya masa."

Haka aka yi, ba ta ƙara ko kalma ba. Na ɗauka daga ni sai Allah. Shekara ashirin da ɗaya tana riƙe da wannan, tana kallona ina haɗe rai in ka shigo, tana zuba mini tuwo. Ban san ta sani ba domin ban taɓa zama na tambaye ta komai ba. Kai da wayarka da kaza, a wata guda ka samo abin da ban samu ba a zaman aure gaba ɗaya. Na yi kuka a tsakar gidan nan da rana tsaka, ba kowa sai awaki.

Halin mai awo ba ya barinsa. Bayan na share fuska na ce a raina, to Audu, wannan nawa ne? In wani ya zo ya ce zai saya? Ba ya sayen taki, ba ya biyan kuɗin makaranta, wannan gaskiya ne. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin ɗan abin nan da bai kai farcen yatsa ba da gonar bayan gari, ban san abin da zan ce ba, kuma ni ban saba rasa farashi ba.

Don haka ka yi tambaya tun mutane suna da rai. Ka fara da na kusa da kai. In Allah Ya ba ka mata, ka zauna ka tambaye ta abin da ba abinci ba. In kuma ka shiga gidajen mutane da littafinka, ka tuna amana suke ba ka. Kada ka kwashi maganarsu ka kai birni a yi musu dariya, kada ka rubuta su kamar wasu dabbobin da aka je kallo. Ka cire takalmi, ka ci abin da aka ba ka, ka koma ka gaishe su ko bayan ka gama da su. In malamanku suka zo kan kunyar ɗan fari, ka gaya musu abu ne mai kyau, yana hana uba fifita ɗa a gaban 'yan'uwa, yana koya wa yaro cewa dangi duka iyayensa ne. Sannan ka gaya musu akwai wanda ya ɓuya a bayanta don bai iya magana ba. Ka san shi, ba sai ka faɗi sunansa ba.

Gidan nan ya yi mini girma. Ƙannenka mata suna ɗakunan mazajensu, sai waya ranar Juma'a. Matar Baffanka tana aiko da tuwo, Allah Ya saka mata, ina ci ni kaɗai a zaure, wani lokaci in rufe rabi in manta da shi. Madafin Innarka tun rasuwarta ba a hura wuta a ciki ba. Kazar tana nan, ta tsufa, ta daina ƙwai, Baffanka ya ce a yanka na ce a bar ta. In na dawo daga kasuwa nakan yi sallama a ƙofa, na san babu mai amsawa, amma bakin ya saba. Ina jin kaɗaici, ban taɓa gaya wa kowa ba, kai ne na farko.

Yanzu rediyon nake kunnawa. Ban iya mayar da shi baya ba, in ina son in sake jin wurin nan sai in jira ya ƙare ya faro daga tarin. Ban damu ba, ina da lokaci. In ka zo hutu ka nuna mini inda ake dannawa.

Ka ji na ce in ka zo hutu. Maganar da ka gaya wa Baffanka, ni na jawo ta, ni kuma nake roƙon ka ajiye ta. Ban san ko karatun nan zai ciyar da kai ba, Malam Garba bai sani ba, kai ma ba ka sani ba, Allah kaɗai Ya sani. Ba zan iya jira sai ya kawo kuɗi ba, shekaruna ba su da wannan yawan. Ka dawo hutun farko, ko da babu komai a jakarka sai kayan wanki. Ba zan tambaye ka nawa ba. Mai yiwuwa ka shigo ka taras na juya maka baya ina ɗinkin buhu, in amsa gaisuwarka da ƙyar kamar yadda na saba. Kada ka yarda da wannan, ka riga ka ji abin da kaza ta gaya maka.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Kada ka yi tafiyar hanya ba ka karya ba. Ka kula da jakarka a tasha. Allah Ya kai ka lafiya, Ya buɗe maka ƙirji, Ya sa wa karatun albarka ko ta wace ƙofa ta zo. Allah Ya jiƙan Innarka da Gwaggo Hansai, Ya yafe mini abin da na yi musu. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Ni ne mahaifinka,
Audu mai awo.

Na ninke takardar na sake buɗewa. Babu kowa a zauren, kuma ba da baki ba ne, da biro ne.

Haruna.

Haruna, ka dawo gida.